Haɗa kwamfutar ofis da injunan CNC: amsa ga mai fama da alam 086 da 087

Tambayar da aka aiko mini ita ce: "Muna da injunan sassaƙa ƙarfe na CNC guda biyar. Uku tsofaffi ne masu ƙwaƙwalwar Fanuc, ba su da komai sai soket mai ƙafa 25. Ɗaya sabo ne mai ramin Ethernet, ɗayan kuma tsohuwar Windows ce a cikinsa. Ofishin da ake rubuta furogiram yana da nisan kusan mita 40 daga injunan. Yanzu da kati da filashi muke ta zirga-zirga. Na sayi wayar USB mai juyawa zuwa RS-232, na gwada a inji ɗaya, ya ba ni alam 086. Na canja waya, ya fara karɓa, sai ya tsaya da 087. Ta ina zan kama?"

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Kada alam biyun nan su karya maka gwiwa, su ne ma suka nuna mini inda ka tsaya. A ƙwaƙwalwar Fanuc, wato kwamfutar cikin inji da ke sarrafa shi bisa furogiram, 086 na nufin injin ya duba layin da ake kira DR, wato ƙafa ta 6 a soket ɗinsa, bai ga alamar cewa na'urar da ke ɗaya gefen a shirye take ba. Wannan laifin ɗaurin waya ne kawai. Shi kuwa 087 cewa yake yi: na ce a dakata, an ci gaba da turo mini haruffa har rumbuna ya cika ya zube. Tunda ka tashi daga na farko ka faɗa na biyu, haruffa suna isa ke nan, kuma saurin turawa ya dace. Saura injin ya iya tsayar da kwamfuta. A nan yawancin mutane suke maƙalewa, shi ya sa zan daɗe a kai.

Kafin nan bari mu raba buƙatu, domin abin da kake kira haɗa kwamfuta da inji abu uku ne da suka sha bamban. Akwai loda furogiram cikin ƙwaƙwalwar inji a ajiye, sai an gama turawa sannan a fara aiki. Akwai ciyar da inji ɗigo-ɗigo, abin da masu sana'a ke kira DNC, inda furogiram ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa, sai inji ya riƙa yanka ƙarfe yana karɓar layukan gaba a lokaci guda. Na uku shi ne sa ido daga ofis: wane inji ke aiki, wane ya tsaya, kaya nawa aka fitar. Na farko yana da sassauci, in ya katse sai a sake turawa. Na biyu ba shi da shi ko kaɗan, don in hanya ta yanke, wuƙa na cikin ƙarfe za ta tsaya. Na uku kuwa kada ka taɓa shi sai na farko ya zauna daram.

Don ka fahimci tsofaffin injunan uku, ka san me suke zato ke ɗaya gefen wayar. Ba su san kwamfuta ba. A wurinsu na'urar karanta tef ɗin takarda mai huji-huji ce, irin wadda aka yi amfani da ita kafin kwamfuta ta shigo masana'anta. Shi ya sa maɓallin karɓa aka rubuta masa READ, na fitarwa PUNCH, wato huda takarda. Shi ya sa kuma ake auna ƙwaƙwalwarsu da mita: haruffa 10 ne a kowane inci na tef, kusan 400 a mita, don haka inji mai mita 320 kilobait 128 ke gare shi. Na'urar tef kuwa da an ce ta tsaya take tsayawa nan take. Fanuc haruffa 10 kacal yake lamunta bayan ya ba da umarnin tsayawa. In na 11 ya shigo, sai 087. Riƙe wannan lamba ta 10, za mu dawo kanta.

Mu fara da waya, wato wayar RS-232, tsohuwar ƙa'idar tura haruffa ɗaya bayan ɗaya tsakanin na'urori biyu. A soket mai ƙafa 25 na inji, ƙafa ta 2 ce ke fitarwa, ta 3 ke karɓa, ta 7 ita ce ƙasa. A filogi mai ƙafa 9 na kwamfuta abin juyawa yake: ta 2 karɓa, ta 3 fitarwa, ta 5 ƙasa. Saboda haka 2 na zuwa 2, 3 na zuwa 3, 7 ta inji na zuwa 5 ta kwamfuta. Mutane da yawa sun ji an ce sai an gicciya 2 da 3, sai su gicciya a nan ma, alhali tsakanin mai 25 da mai 9 lambobin sun riga sun gicciya kansu. Sannan cikin filogin gefen inji ka haɗa ƙafa ta 4 da ta 5 da ɗan guntun waya, ka kuma haɗa 6 da 8 da 20 wuri ɗaya. Wannan haɗin na ƙarshe shi ke kashe 086: inji ya kunna layinsa na 20, ya ga wutar ta dawo masa ta 6 da 8, ya gamsu. A gefen kwamfuta ana haɗa 7 da 8, da kuma 1 da 4 da 6, don wasu manhajoji ba sa turawa sai sun ga waɗannan layukan a kunne. Ka duba littafin injinka ka tabbatar, domin wani maƙerin inji yakan sauya ɗaurin da ke bayan soket.

Ga gargaɗin da ba na gajiya da maimaitawa: a injunan Fanuc da yawa ƙafa ta 25 tana ɗauke da wuta bolt 24, an tanade ta ne don kunna na'urar tef. Wayar da aka saya a shirye, mai duk ƙafafu 25 a haɗe, tana iya kai wannan wuta inda ba a so. Ka haɗa taka wayar da hannunka, layi uku kawai su ratsa, ka bar ƙafa ta 25 babu komai. Kuma kada a cusa ko a zare filogin nan inji na kunne.

In kana shakkar ɗaurin, na'urar awon wuta za ta raba gardama cikin minti ɗaya. A RS-232 layin fitarwa idan yana zaune ba ya tura komai wutar nagetif yake riƙewa, ƙa'ida ta ce tsakanin bolt 3 da 15 ƙasa da sifili. Ka sa baƙin tsinke a ƙafar ƙasa, ka taɓa 2 da 3 da jan, duka gefe biyu a haɗe a kunne. In ɗaurin daidai ne za ka ga nagetif a layuka biyun, kowanne daga gefe ɗaya. In ɗaya ne kawai ke da wuta ɗayan sifili, ka haɗa baki da baki ke nan, kunne da kunne, sai ka musanya su. Don gwada gefen kwamfuta shi kaɗai, ka haɗa ƙafa ta 2 da ta 3 na filoginta, ka buɗe manhajar turawa ka buga haruffa. In sun dawo a allo, kwamfuta da wayar USB ɗinka lafiyarsu ƙalau.

Sai saiti, wanda dole ya zama iri ɗaya sak a gefe biyu. Abin da Fanuc ya saba da shi: lambar ISO, wato tsarin rubuta haruffa, bit 7 na bayani, bit na tantancewa a kan cika, wato EVEN, bit 2 na tsayawa, sauri 4800 ko 9600. A ƙwaƙwalen Fanuc na jerin 0i da 16i da 18i da 21i, faramita 20, wato gurbin saiti mai lamba 20 a ƙwaƙwalwar inji, ita ce ke zaɓen tasha. In tana 0, faramita 101 zuwa 103 ke aiki. In tana 1, 111 zuwa 113 ne, kodayake soket ɗaya ne. In tana 2, 121 zuwa 123 ne, kuma soket na biyu. Na sha ganin mutum ya ɓata yini yana gyara 103 alhali tasharsa na kan 1. A 103 lamba 10 na nufin 4800, 11 na nufin 9600, 12 na nufin 19200. A 102 ka sa 0, shi ne ke sa inji ya yi amfani da haruffan dakatarwa. Tsofaffin 0-M da 0-T lambobin faramitarsu daban ne, littafinsu za ka bi. In sauri ko bit ba su dace ba, 085 za ka gani, ko tarkacen haruffa marasa ma'ana a allon kwamfuta.

Dabara ɗaya da ke rage wahala da rabi: kada ka fara da turawa zuwa inji. Ka sa kwamfuta a kan karɓa, ka je inji ka fitar da ɗan gajeren furogiram da PUNCH. In ya fito a karance, ka tabbatar da sauri da bit da layi ɗaya a lokaci guda. Ƙari a kan haka, injin ya nuna maka da kansa siffar fayil ɗin da yake so: alamar % a farko da ƙarshe, lambar furogiram mai farawa da O, da yadda yake rufe kowane layi. Wannan fayil ɗin shi za ka fara mayar masa, bayan ka canja lambarsa, don in lambar tana ciki 073 zai ba ka.

Yanzu ga 087 ɗinka. Hanya biyu ce inji ke cewa dakata. Ko ta waya, da layukan RTS da CTS, ko ta harafi, da XON da XOFF. Ɗaurin da na ba ka na hanya ta biyu ne. Idan rumbun inji ya kusa cika sai ya tura harafin DC3, mai lamba 19, wato dakata. Idan ya samu sarari sai ya tura DC1, mai lamba 17, wato ci gaba. Abu na farko da za ka duba shi ne ko manhajarka na kan XON/XOFF. In tana kan RTS/CTS kuma ka haɗa 7 da 8, kullum za ta ga hanya a buɗe, ba za ta taɓa tsayawa ba. Na biyu ya fi ɓuya. A lambar ISO inji yana ƙara wa DC3 bit na tantancewa, sai ya fita a matsayin 147. Kwamfutar da aka saita a bit 7 da EVEN tana cire wannan bit ta ga 19 ta gane. Wadda aka bari a bit 8 babu tantancewa 147 take gani, ba ta san shi ba, sai ta wuce abinta.

In waɗannan biyun daidai suke, to a lokaci gizo ke saƙa. Mu yi lissafi. Kowane harafi yana cin bit 11 a waya: ɗaya na farawa, 7 na bayani, ɗaya na tantancewa, 2 na tsayawa. A sauri 9600 hakan ya ba da haruffa kusan 872 a sakan. Haruffa 10 ɗin da inji ke lamunta suna wucewa cikin milisakan 11 da rabi. Wato daga lokacin da inji ya ce dakata, abin da kwamfuta ke da shi ke nan ta ji ta kuma rufe bakinta. Tsohon soket ɗin RS-232 na kwamfuta yana da guntu mai suna 16550 mai rumbun haruffa 16, kuma abin da ya riga ya shiga rumbun nan fita zai yi. 16 ya fi 10. Wayar USB kuma tana tattara abin da ta karɓa ta riƙe na ɗan lokaci kafin ta miƙa wa Windows. A masu guntun FTDI wannan jira milisakan 16 ne daga masana'anta. In manhajar ce ke sauraron XOFF da kanta, kafin labari ya iso mata lokaci ya riga ya ƙure.

Maganin a Device Manager yake, wato shafin Windows na saitin na'urori. Ka buɗe tashar COM ɗin, wato sunan da Windows ke ba mahaɗar RS-232, ka shiga saitin ci-gaba, ka ja rumbun fitarwa zuwa mafi ƙanƙanta ko ka kashe FIFO, wato rumbun nan, gaba ɗaya, in kuma akwai lokacin jira ka mayar da shi milisakan 1. In bai tafi ba ka sauko zuwa 4800 a gefe biyu, haruffa 10 sun zama milisakan 23, an samu sarari ninki biyu. Wayoyin USB ba ɗaya suke ba: wasu guntunsu ne da kansa ke gane XOFF ya tsaya nan take, wasu sai saƙo ya je wurin direba ya dawo. Na ƙarshen nan suna iya loda gajeren furogiram lafiya lau, domin rumbun inji bai taɓa cika ba, sai ranar da aka tura dogo halinsu ya fito. Saboda haka kada ka yarda an gama sai ka gwada da fayil mafi tsawo da ƙwaƙwalwar za ta ɗauka.

Duk wannan gwajin a gindin inji za ka yi shi, da laftof da waya mita 2 ko 3. Sai ya yi aiki sumul sannan a yi maganar mita 40.

Shawarata a kan nisan nan ita ce kada ka ja RS-232 zuwa ofis. Abin da aka saba faɗa shi ne mita 15. Ainihin iyakar ƙa'idar fikofarad 2500 ce ta ɗaukar cajin waya, shi ya sa wasu ke kai mita 40 ko 50 da waya mai kyau a ƙaramin sauri, kuma yakan yi. Abin da ya fi damuna shi ne layin ƙasa. Wannan siririyar waya tana haɗa ƙasar wutar ofis da ƙasar wutar inji kai tsaye. In akwai bambanci tsakaninsu, kuma a masana'anta mai manyan motocin wuta masu juya injuna da inbata da injin walda kusan kullum akwai, ta cikinta wuta za ta bi. Na taɓa zuwa wata masana'anta inda tashar inji ɗaya ta ƙone sau biyu cikin 'yan watanni, ana ta canja allo ana zargin maƙeri. Da muka auna tsakanin jikin kwamfuta da jikin inji sai ga wuta tana yawo. Doguwar wayar da aka bi da ita cikin kwatar wayoyin wuta ita ce sanadi. Ko ba ta ƙona komai ba, hayaniyar wuta na iya haɗiye harafi, kuma RS-232 ba ta da hanyar gane harafin da ya ɓace ɗungurungum. Bit na tantancewa yana kama harafin da ya gurɓace ne kawai. X120.5 da ya rasa lamba 1 ya koma X20.5, layi ne ingantacce a wurin inji, zai kuma tafi can, mita 0.1 daga inda ake nufi, da duk ƙarfinsa.

Abin da ya dace shi ne ƙaramin akwatin da ke juya RS-232 zuwa Ethernet, irin su Moxa NPort da makamantansu, ɗaya ga kowane inji, a ɗaure shi a jikin inji ko cikin kabad ɗin wutarsa. Wayar RS-232 ta zama mita 2, sauran tafiyar Ethernet ce, wadda ke kai mita 100 a kan wayar tagulla, kuma kowane gefenta akwai ƴar taransifoma da ke raba wutar gefe biyu, tana kuma gane kunshin da ya lalace a sake turo shi. A kwamfuta direban akwatin yana ƙirƙiro tashar COM ta ƙarya, manhajarka ba za ta ma san an canja komai ba. In da hali ka ɗauki akwati mai tashar da aka keɓe da haske, wato saƙo ke ratsawa ta haske, wuta ba ta ratsawa. Abu ɗaya da ba a sakaci da shi: a shafin saitin akwatin kansa ka sa XON/XOFF, ka kashe FIFO ɗinsa in 087 ya dawo. Akwatin ne zai ji dakata ya tsaya. In aka bar wa kwamfutar ofis wannan aikin, saƙo ya ratsa netwok ya dawo, milisakan 11 sun daɗe da wucewa. Wayar Ethernet ɗin a bi da ita nesa da wayoyin mota, in dole ta haɗu da su ta gicciye su, kada ta jera da su. In za ta fita daga gini zuwa gini, wayar faiba za a sa. Wi-Fi yana isa ga loda furogiram, amma ni ba na ɗora aikin ɗigo-ɗigo a kansa.

Tunda an zo kan ɗigo-ɗigo, ka san iyakarsa tun kafin ka yi wa kowa alkawari. Haruffa 872 a sakan, layi mai haruffa 30, ya zama layi 29 a sakan. In aikin mazubi ne mai lanƙwashe-lanƙwashe inda kowane layi rabin milimita yake tafiya, iyakar gudun wuƙa milimita 870 ne a minti, komai ka rubuta a F, lambar gudu a furogiram. In layukan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, gudun ya faɗo zuwa 174. Inji zai riƙa tafiya yana cijewa, ya bar tabo a fuskar aiki. Ana samun sauƙi in aka cire lambobin layi na N, da sarari tsakanin kalmomi, da sharhi, aka kuma sa manhajar CAM, mai juya zane ya zama furogiram, ta fitar da lanƙwasa da umarnin G02 da G03 maimakon dubban gajerun layuka. In injin yana da ramin kati a gefen allo, ka sa faramita 20 a kan 4 ka gudanar da dogon furogiram daga katin, ya fi kowace waya sauri. Kwamfutar da ke ciyar da inji kuma a kashe mata barci da sake kunna kai don sabuntawa.

Sabon injin mai Ethernet ya fi sauƙi, sai dai ba ka faɗi ƙwaƙwalwarsa ba, kuma kowane kamfani da hanyarsa. Abin da ya haɗa su: ka ba shi adireshin IP tsayayye, misali 192.168.50.11 da 255.255.255.0, kwamfutar da za ta yi magana da shi ta zama a jeri ɗaya, ka gwada da ping, umarnin da ke duba ko inji na amsawa a netwok, ka rubuta adireshin a jikin inji. In Fanuc ne, shi ke zuwa ya ɗauko fayil ta FTP, ƙa'idar musayar fayil a netwok, don haka kwamfuta ce za ta gudanar da sabar FTP a tasha ta 21. Ping ya yi amma jerin fayiloli ya ƙi fitowa? Kusan kullum katangar tsaron Windows ce ta toshe hanyar bayanai ta biyu da FTP ke buɗewa, ko sabar ta nace sai da TLS, wato ɓoye bayanai a hanya, wanda injin bai iya ba. Haas folda ake raba masa. Heidenhain yana da manhajarsa TNCremo. A Siemens 840D sl ramin X130 ne na netwok ɗin masana'anta, X120 na cikin gidan inji ne tsakanin allo da ƙwaƙwalwa, kuma yana rarraba adireshi da kansa, in ka cusa shi a netwok ɗinka ka ruɗa gefe biyu. Ka kuma sani samun Ethernet ba ya nufin ƙwaƙwalwa ta ƙaru. A Fanuc gudanar da babban furogiram ta wannan hanya yana buƙatar ƙarin allon Data Server mai ma'ajiyarsa.

Injin mai tsohuwar Windows shi ne ya fi tsaya mini a rai. Zai nemi folda ta SMB1, tsohuwar ƙa'idar raba folda a netwok, wadda Windows 10 ta daina sakawa da kanta tun fitowar 1709. Abin da kowa ke yi shi ne ya kunna SMB1 a kwamfutar ofis ya cusa injin a suwic ɗin da kowa ke kai, ya ga ya yi aiki, ya tafi. Don Allah kada ka yi haka. Ta ramin SMB1 ne cutar WannaCry ta bazu a watan Mayu na 2017, har Renault ta dakatar da aiki a wasu masana'antunta, Nissan ma a Sunderland ta Ingila. A Agusta 2018 wani nau'inta ya tsayar da masana'antun TSMC a Taiwan, bayan an haɗa sabuwar na'ura da netwok ba a bincike ta ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows XP a Afrilu 2014, Windows 7 a Janairu 2020. Kwamfutar ofis in ta kamu a sake mata manhaja cikin yini. Windows ɗin cikin inji kuwa maƙeri ya gyara ta ta dace da allunansa, ba ka da ikon sabunta ta ko ɗora mata riga-kafi yadda ka ga dama, in ta lalace inji na iya shafe makonni a tsaye.

Tsarin da nake yi wa wuri mai girman naku shi ne wannan. Injuna biyar da akwatunansu su samu suwic nasu daban, da jerin adireshi nasu, babu hanyar fita intanet. Kwamfuta ɗaya tak, mai katin netwok biyu, ta tsaya a tsakani: ƙafa ɗaya a ofis, ɗaya wurin injuna, kuma ba ta wuce da kunshi daga gefe zuwa gefe. A kanta manhajar DNC da sabar FTP da foldar SMB1 suke, ita kuma SMB1 a gefen injuna kaɗai katangar tsaro za ta buɗe ta. Ba a karanta imel a kanta, ba a lilo. Masu rubuta furogiram suna ajiye fayil a foldarta daga ofis ta sabuwar SMB da kalmar sirri. In kuna da mai kula da netwok, VLAN, wato raba netwok kashi-kashi ta saitin suwic, da katangar tsaro mai ƙa'idoji a rubuce sun fi wannan kyau, kuma raba shiyya-shiyya irin haka shi ne abin da ƙa'idar IEC 62443 ta ginu a kai. In mai gyara daga kamfanin inji ya nemi shiga daga nesa, a buɗe masa na lokacin aikin a rufe. Filashin da kuke yawo da shi yanzu ma hanyar cuta ce, da haɗin ya kankama a daina cusa shi a wannan injin.

Maganar sa ido daga ofis, in lokacinta ya yi, wannan kwamfutar ta tsakiya ce za ta ɗauka. Fanuc yana ba da bayanansa ta hanyarsa mai suna FOCAS a tasha 8193, akwai MTConnect wadda karatu kawai take yi ba ta ba inji umarni, akwai kuma OPC UA a tasha 4840. Ka lura FOCAS tana iya rubutu cikin inji, wani dalilin ke nan na hana kowace kwamfutar ofis isa gare ta.

Akwai wata matsala da waya ba ta magancewa, sauƙin turawa ma ƙara ta yake. Da zarar fayil ya zama abin dannawa sau ɗaya, kwafi sun yi yawa: na ofis, na cikin inji da afareta ya gyara wa gudu, na makon jiya. Ka yi wa kowane inji folda biyu. Ɗaya ta furogiram da aka amince da su, inji karatu kawai yake yi daga cikinta. Ɗaya ta dawowa, inda duk abin da aka gyara a bakin inji ke sauka, mai rubuta furogiram ya kwatanta shi da na asali kafin ya maye gurbinsa. A layin farko na kowane furogiram a sa lambar zane da lambar gyara cikin baka, da manyan haruffa. A riƙa ajiye fayil a matsayin rubutu tsantsa na ASCII, don wasu editoci suna liƙa ɓoyayyun haruffa uku a farkon fayil ɗin UTF-8, tsohon inji kuma yakan ƙi su. In ka ga alam 002, binciken TV ne a kunne a shafin SETTING, wanda ke ƙirga haruffan kowane layi tun zamanin tef, ka mayar da shi 0. Yawancin manhajojin DNC suna barin afareta ya kira fayil daga bakin inji: ya fitar da ɗan furogiram mai sunan fayil ɗin da yake so, ya danna READ, kwamfuta ta turo. Da nisan mita 40 wannan zai hutar da ku sosai.

Gwajin da nake karɓar aiki da shi shi ne zuwa da dawowa. A tura dogon furogiram, a fitar da shi daga inji zuwa sabon fayil, a sa manhajar kwatanta fayiloli ta duba su. Bambancin sarari da ƙarshen layi ba komai, inji yakan sake tsara su, amma kowace lamba da kowane ɗigo da kowace alamar ragi su dace. A maimaita shi lokacin da masana'anta ke kan ganiyar aiki, motoci na juyawa, ana walda, domin hanyar da ta yi aiki da safe kafin a kunna komai ba ta riga ta ci jarrabawa ba.

Ranar da inji na farko ya wuce wannan gwajin, kafin ka tura masa furogiram na aiki ko ɗaya, ka fitar da faramitocinsa gaba ɗaya, da gyaran kuskuren sukurori, da ma'aunin wuƙaƙe da na mazaunin aiki, da furogiram ɗin maƙeri masu lamba 9000 zuwa sama, waɗanda sai an buɗe makullinsu a faramita suke fita. A tsofaffin injunan nan batir ne ke riƙe duk wannan, kuma ana canja shi ne inji na kunne. Ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a kwamfutar tsakiya, ɗaya a wurin da ba ya haɗe da netwok, da sunan inji da kwanan wata a jikin kowanne, sannan ka matsa zuwa inji na biyu da waya iri ɗaya da saiti iri ɗaya.